Ranar da Kwamfutata Ta Ƙi Ganin Kakana

Ni dai a Batsari, in ana maganar tura waƙa da wa'azi cikin waya, sai a sara mani. Rumfata taku uku ce, in na yi hamma gwiwar hannuna na taɓa makwabci, amma ni ofis nake ce mata. Har na taɓa cika baki cewa ko dutsen niƙa aka jona wa kwamfutata sai ta karanta shi.

To, ran wata Laraba sai ga kakata daga Karare, ta sauko daga babur tana ƙulle da wani abu a bakin zane.

“Amarya, yau kewata ta motsa ke nan?” in ji ni.

“Rufe mani baki, mijin da ko sabulu bai taɓa sayo wa ba. Ungo, fito mani da Malam.”

Malam shi ne kakana, ya rasu bara waccan. Kafin ciwo ya kwantar da shi, ya sa na bi shi gona da waya ina ɗauka, yana nuna iyakarmu taku-taku. Na zuba bidiyon a filashi na ba kaka, wayar kuma daga baya ta yi iyo a rijiya. Yanzu makwabcinmu na gona ya shigo mata kunya bakwai, ya ce nasa ne tun kakanni. Mai unguwa ya ce gobe da hantsi kowa ya kawo shaida. Kunya bakwai ɗin nan su ne inda take shuka gyaɗarta.

Na karɓa da yatsu biyu, irin na manyan likitoci. Na soka. Shiru. Ɗan kukan nan da kwamfuta ke yi in ta ga baƙo, ko tari ba ta yi ba. Na canza rami, na sake canzawa, ramukan uku duk na zagaye su. Na kashe ta na kunna. Na soka wani filashin nawa, nan take ta gan shi, har da rawar jiki. Na mayar da na kaka, na danna da ƙarfi kamar mai cusa buhu a bayan a-kori-kura. Ko gezau.

“Ya fito?”

“Yana alwala, kaka.”

Bakina na wasa, amma wallahi zufar da ta karyo mani za ta shayar da fadama guda. Ba ni da kwafi ko ɗaya. Ni da nake yi wa mutane huɗubar ajiye abu wuri biyu.

Na ce zan kai wa wani abokina mai gyaran kwamfuta a Safana. Ta ce inda Malam ya tafi nan za ta. Haka na goya ta a babur, kowane rami muka faɗa sai ta ɗirka mani dundu, kamar ni na haƙa shi.

Abokin nawa bai ma soka ba. Fitilar waya ya haska cikin bakin filashin, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago.

“Kai, tuwo aka dafa a nan?”

Ya juya ga kaka. “Iya, ina kike ajiye shi?”

“Cikin tulun iri mana, ɗana. Tare da wake.”

Wanda ya san mutanenmu ya san yadda ake ajiyar irin wake: a cakuɗa shi da toka, a zuba a tulu, a liƙe baki da laka, ƙwaro ba ya kusanta. A wurin kaka duk duniya babu bankin da ya kai wannan tulu. Damina biyu Malam na kwance cikin toka, filashin ko murfi babu. Da ta ciro sai ta goge bayansa tas da zane. Ni kuma, injiniyan Batsari, da na yi ta dannawa, kirɓa tokar nake yi ciki kamar sakwara.

“Ko ƙwaro ɗaya ya taɓa shi?” in ji ta. “To.”

Abokina ya fiƙe tsinken tsintsiya ya shiga sakace. Toka na zubowa, na rantse za ta isa miyar kuka ta gidan biki. Ya bi da tsohon buroshi da ɗigon sifirit, ya ajiye shi a rana ya bushe. Minti goman nan, na tuba daga zunuban da ban ma aikata ba.

Ya soka. Kwamfuta ta yi ɗan kukanta. Ban taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba, ni da sana'ata waƙa.

Sai ga Malam da malfarsa, yana gyara murya: “Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam, Malam,” in ji kaka, ta ja mayafi ta rufe kai. Daga ni har abokina babu wanda ya yi dariya.

Muka bi shi a bidiyon har gindin aduwa, inda ya dafa kututture ya ce nan ce iyaka. Wa ke tsaye gefensa, yana ɓare gyaɗarmu yana gyaɗa kai? Makwabcin gonar da kansa. Ni ma na manta yana wurin.

Kafin mu tashi na kwafe shi wuri huɗu.

Washegari a ƙofar mai unguwa aka kunna, dattawa suka yi cincirindo. Mutumin ya kalli kansa yana tauna, ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya cire hula ya sosa ƙeya.

“Allah Ya jiƙan Malam,” in ji shi. “Ni dama aron wurin na yi.”

“To an gode,” in ji kaka. “Gobe zan turo a yi mani huɗa.”