Ɗana a Kan Rufin Kwano

Ranar Alhamis ta biyu bayan Babbar Sallah, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, ina tsaye a bakin kasuwar Maigatari tare da mutum biyu: tsohon sufeton makarantu wanda muka yi ritaya tare, da surukinsa, wani dillalin shanu daga Sule Tankarkar. Na riƙe lokacin ne domin tun a makarantar mishan aka koya mini duba agogo, kamar yadda aka koya mini cewa aikin da bai cika ba, ba aiki ba ne. Da wannan ƙa'ida na shugabanci makaranta a Gumel, da ita kuma na tarbiyyantar da ɗana.

Shi ɗan nawa ya yi shekara biyar a Jamus yana digiri na uku a fannin fiziks. Da ya kammala, malaminsa ya ba shi gurbin bincike a can. Na rubuta masa cewa ilimin da bai amfani ƙasar mai shi ba ado ne kawai, ya dawo, jami'o'inmu suna jiran irinsa. Bai yi musu ba, ya dawo.

Babu jami'ar da take jiransa. Ya kai takardu wurare da dama, ko'ina sai a ce ba a buɗe ɗaukar ma'aikata ba. Mahaifiyarsa ta roƙe ni in je in kama ƙafa wurin wani tsohon ɗalibina da ya zama babba. Na ce ban taɓa yi ba, kuma ba zan fara da furfura ba. Bayan shekara biyu sai ya kama aikin ɗaura sola a shaguna da rijiyoyin burtsatse, daga Gagarawa har bakin iyaka. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni, sai in ce yana jiran kira daga jami'a.

A wannan safiya dillalin ne ya fara ɗaga kai. A kan rufin wani shagon sayar da ruwan sanyi, ga mutum durƙushe cikin riga mai maiƙo, wayar wuta a bakinsa, yana ɗaure farantin sola.

"Malam, wancan ba Daktanka ba ne?" in ji shi, yana dariya. "Ashe a Turai har hawa kwano ake koyarwa! Da na sani da na tura nawa."

Sufeto ya ce, "Kai dai ka cika baki, Alhaji. Bari Malam ya duba."

Na duba. Tazarar ba ta kai taku goma ba. Na ga tabon da ke gefen goshinsa, wanda ya samu yana shekara shida. Sai na ji bakina ya ce, "Ba shi ba ne. Kama ce kawai."

Ya ji. Na san ya ji, domin ya riga ya cire wayar daga bakinsa zai gaishe ni, sai ya mayar da ita, ya sunkuyar da kai. Sufeto ya ja mu zuwa kara, wurin cinikin shanu. Ni da na yi wa yara bulala a kan ƙaryar da ba ta kai wannan ba, na wuce ina gyara hula.

Da la'asar ɗana ya shigo zaure, ya durƙusa kamar kullum.

"Baba, an dawo lafiya? Ya kasuwa?"

Da ya yi fushi, da na sami abin riƙewa. Na so in ce ya yafe mini, amma ban saba da kalmar ba, harshena ya ƙi. Abin da na iya faɗa shi ne, "Ka rubuta wa malaminka. Na janye maganata. Ka koma."

Ya ce, "Na rubuta tun bara, Baba, ban gaya maka ba. An ba wani gurbin. Ya ce wanda ya yi shekara uku ba ya bincike, da wuya a sake ɗaukarsa."

Washegari na sa babbar riga na tafi wurin tsohon ɗalibin nan. Na zauna a benci har azahar. Ya karɓe ni da girmamawa, ya ce zai duba.

Ba a kira ɗana ba. Bai koma Jamus ba. Har yau sola yake ɗaurawa a Maigatari.