Rubutun da Kawu ya sha

Kawuna, yayan Inna, a Rasha ya yi karatun likitan dabbobi. Ya dawo Tawa da wata hula mai gashi da ba ta taɓa yi masa amfani ba, ya bar matarsa da ɗiya ƙarama a can Rasha, da alkawarin zai koma ya ɗauko su. Bai koma ba. Ya ƙare ƙarfinsa yana bin shanu da allura tsakanin Takanamat da Tebaram. Duk gidan mun san abin da ke cinsa: ko ɗiyar nan ta yafe masa.

Ina lise, wato sakandare, lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Da ma wani abokin karatunsa ya kai wa ɗiyar adireshin imel ɗina, don Kawu ba ya da nasa. Ran nan na shiga siber, gidan da ake hayar kwamfuta kusa da kasuwa, na iske saƙo daga gare ta. Na buɗe. Babu harafin Rashanci ko ɗaya, sai wasu alamomi birkitattu, Ð nan, Ñ can, kamar sawun kaji a tsakar gida. Mai siber ya leƙo ya ce ƙwayar cutar kwamfuta ce, ya koma kan shayinsa. Haushinsa bai bar ni ba har yau.

Na buga a takarda na kai wa Kawu. Ya manna ta ga hanci, don idanunsa sun fara mutuwa, ya daɗe kan kalmar farko: Ð¿Ð°Ð¿Ð°. Sai ya ce alamomin biyu-biyu suke tafiya, kuma suna maimaita kansu, wannan «papa» ce. Ya yi kuka kamar yaro. Sauran kuwa ya gagare shi. Na mayar wa ɗiyar da amsa da Faransanci, shiru.

Inna ce ta gaji da ganinsa yana juya takardar. Ta ɗauko allon ƙanena da tawada, ta ce in kwafe saƙon duka. Na yi mata gardama irin ta 'yan lakwal, masu karatun boko, na ce abin da ba ya karantuwa me zai yi wa mutum.

«Ke, tun ina ƙarama nika shan rubutu, ban taɓa karanta ko baƙi guda ba,» in ji ta. «Maganar ɗiyatai ta. Bari ta shiga cikinai.»

Na zauna na kwafe, ina bi a hankali wajen alamomin da ban san sama da ƙasansu ba. Inna ta wanke allon cikin ƙwarya, ta tallabe kan Kawu, ya shanye. Ya ce akwai ɗaci-ɗaci, ta ce tawada ce ba ɗiyarsa ba. Muka yi dariya mu uku. Kafin a yanke gero muka rasa shi.

Sai da na shiga jami'a na fahimci abin da ya faru. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba take ajiyewa. Kowane harafin Rashanci lamba biyu ce a haɗe, tsohon injin siber kuwa ya raba su, ya karanta kowace a matsayin harafin boko. Saƙon lafiyarsa lau, yana nan cikin imel ɗina. Na canza yadda ake karanta shi, haruffan suka miƙe tsaye nan take. Sauƙin abin ne ya fi ƙona mini rai.

Na sa aka fassara mini. Ɗiyar ta ce uwarta ta rasu, ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, kada ya damu kansa. Na kira Inna a waya na karanta mata.

«To, ai ya sha,» ta ce.