Maifanka, Wanda Ya Naɗa wa Jitata Kunne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Maifanka, bayan kwana uku a gadon asibiti da ciwon ƙirji. Ƙanwata, wadda take jinyata shekara huɗu ke nan, ita ta hawo mini da labarin. Ta tsaya a bakin ƙofa da bokitin ruwa a hannu, ta kasa ajiye shi, ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Mutuminka ya riga mu."

Ban je jana'izarka ba, Maifanka. Ɗakina yana hawa na uku, matakala arba'in da biyu ne tsakanina da titi, kuma tun da ɓarin jikina na dama ya shanye, sai ƙarti huɗu suke iya sauko da ni. Ranar kuwa duk mai ƙarfi a layinmu kai ya je ɗauka. Na sa aka ja kujerata zuwa taga, na ga kawunan mutane sun wuce. Iyakar rakiyar da na yi maka ke nan.

Shekara talatin da suka wuce na fara shiga shagonka, ina makaɗin jita mai ji da kansa. Jitata ta lantarki ta yi shiru ana gobe za mu yi wasa, aka ce in gwada mai naɗin kwayil ɗin fanka da ke bayan kasuwa. Na zo ina yatsina. Ka kwance ɗan abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, wanda makaɗa ke kira fikof, ka juya shi a tafin hannunka, ka ce, "Ashe maganaɗisu ne kawai da wayar tagulla a naɗe. Wannan ai kunne ne. Tsirkiya ta yi magana, shi ya ji, ya kai wa lasifika gulma." Ka ɗaura shi a kan tsohon keken ɗinki, ka naɗa masa sabuwar waya. Da na kaɗa, sai ga wani amo mai kauri da ban taɓa jin jitar ta yi ba, kamar siririn mutum ya buɗe baki da muryar ƙato.

Daga ranar ka kamu. Kai da ba ka iya kaɗa waƙa ko ɗaya ba, ka zama ba ka da zance sai na kunnen jita. Ka yi wani da maganaɗisun tsohuwar lasifika, ya fito da tsawa har yana sa haƙori tsami. Ka yi wani da robar ƙofar firiji mai maganaɗisu a ciki, amonsa ya zo a sanyaye, kamar ana hira a ɗakin maƙwabta. Ka sa ruwan zarto a tsakiyar wani, don ko an ja tsirkiya gefe kada sautin ya faɗi. Wanda ka rufe cikin gwangwanin kifi don ya daina kwaso gunjin fitila, na yi shekara shida ina wasa da shi, abokan kiɗa suna tsokanata wai jitata tana ƙarni. Akwai ma wanda ka ɗora a kan guntun sandar labule, ana zame shi: a kai shi wajen wuyan jita amo ya yi ɗumi, a mayar da shi ƙasa ya yi kaifi. Rabinsu ba su yi aiki ba. In ɗaya ya ƙi, sai ka yi dariya ka ce, "Wannan kurma ne, a kawo na gaba."

Shagon nan taku uku ne da taku huɗu, ba taga, sai warin banis da hayaƙin dalma. Na mahaifinka ne. Lokacin da ƙungiyarmu ta samu tafiyar wata takwas, mun nemi ka bi mu ka riƙe mana kayan sauti, har ka sayi jaka. Sati guda kafin tashi idon tsohonka ya rufe, ka zauna. Bayan shi sai jinyar mahaifiya, bayan ita sai 'ya'ya. Sau ɗaya tak na ji ka yi ƙorafi. Na dawo ina ba ka labarin garuruwa, ka ɗaga kai ka dubi fankar da kake gwadawa, ka ce, "Ni da wannan ɗaya muke. Kullum muna juyawa, ba mu je ko'ina ba." Ka ci gaba da aikinka.

Da ciwo ya kwantar da ni, hannun da nake kaɗa tsirkiya da shi ya zama kamar tsumma. Na sa ƙanwata ta ɗora jitar a kan kwaba don kada idona ya riƙa faɗawa kanta. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta raguwa, ban ga laifinsu ba, hawan da wuya. Kai kaɗai ka riƙe Alhamis. Kana rufe shago da la'asar sai in ji takunka. Kai ka laƙaba mini Bahago, kai ne kuma ka ce, "Hagun ai tana nan. In aka samu kunnen da zai ji danna yatsa kawai, ba sai an kaɗa ba, ka koma aiki."

Sau shida kana kawo irin kunnen, sau shida yana ƙi. A na biyar ne na yi maka abin da har yau yake cina. Na danna, lasifika ta yi wani kuka kamar an taka kyanwa. Na ture jitar, na ce, "Ka ishe ni! Kai ba ka iya kiɗa ba, ni na daina iyawa. Ka mai da ni fankar gwaji ne?" Ka tattara sukurorinka ɗaya bayan ɗaya, ka zuba a aljihu, ka ce, "Kai ka gaji, Bahago. Ni ban gaji ba." Alhamis ta zagayo, na ji takunka. Ban ba ka haƙuri ba, kai ma ba ka tayar da zancen ba.

Na bakwai shi ya yi. Ka naɗa ƙananan kwayil shida, kowace tsirkiya da nata, ka kuma manna ɗan faifan ƙararrawar agogo a bayan wuyan jitar. Na danna da yatsun hagu, amo ya fito siriri, sannan ya kumbura, da ɗan dishi-dishi kamar muryar wanda ya daɗe bai yi magana ba. Komai yake ji, har gogar maɓallin rigata. Na kaɗa waƙa guda cur. Ƙanwata ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana hawaye. Kai kuwa ka karkata kai, ka ce, "Tsirkiya ta uku tana gunji."

Ba zan yi maka ƙarya ba, kunnen nan bai sauko da ni ƙasa ba. Masu saurarona su ne bango huɗu da matar hawa na biyu mai buga silin da tsintsiya. Amma na samu abin da nake tashi dominsa da safe.

Sati biyu kafin rasuwarka ka cire kwayil ɗin tsirkiya ta uku, ka ce za ka sake naɗa shi. Jiya maiɗakinka ta hawo da shi a ƙulle cikin hankici, an naɗa rabi. Babu wanda ya san zagaye nawa ya rage, domin ba ka taɓa rubuta komai ba. Jitar yanzu tsirkiya biyar ke magana, ta ukun bebiya ce. Ƙaninka ya yi tayin ƙarasawa, na ce a bar shi haka.

Maiɗakin naka ce kuma ta faɗa mini abin da aka ɓoye mini. Ashe tun bara likita ya hana ka hawan bene. A kowane hawa sai ka zauna ka huta, a na ƙarshe kuma ka jira numfashinka ya daidaita kafin ka yi sallama. Na dubi ƙanwata, ta sunkuyar da kai ta ce, "Rantsar da ni ya yi, Yaya. Ya ce in ka sani za ka hana shi zuwa." Gaskiya ka faɗa, da na hana ka. Ga shi ina da haƙurin da zan ba ka, ba ni da inda zan kai shi.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Abin da na yi masa na ɓacin rai, Ka yafe mini, Ka mayar masa da shi lada.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa mata uku, da ƙaninsa da nauyin shago ya koma kansa. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Makaɗan da ke yawo da aikin hannunsa a jitarsu, a garuruwan da shi bai taɓa gani ba, ina roƙonku ku sa shi a addu'a.

Ni dai ina nan inda ka bar ni, Maifanka. Allah Ya sada mu da alheri.