Kofin Ruwa a Hannun Hagu

A shekarata ta ƙarshe a foli ta Kaura Namoda, mutum-mutumi na haɗa a matsayin aikin kammala karatu. Kada a zaci wani abin a zo a gani ne. Jikinsa tsohon bokitin fenti ne a kan taya huɗu. A samansa na kafa kyamarar wata tsohuwar waya, ita ce idonsa, a ƙasanta kuma makirufo da 'yar lasifikar da na ciro daga rediyon babana ba da saninsa ba. Abin alfaharina shi ne hannun: yatsu biyu na ƙarfe kamar awartaki, na naɗe su da robar tayar keke don kada abu ya suɓuce. Sai da ya lotsa wa mamata kofunan silba uku kafin ya koyi riƙo da hankali.

Malamin da ke duba aikina ya ce ba zai sa hannu ba sai na kawo bidiyo ranar Litinin, wanda idon abin ya ɗauka da kansa, yana kai wa wani ruwa a cikin gida. In babu bidiyo, sai dai in jira baɗi tare da 'yan bayanmu. Ranar Juma'a ya faɗa mini haka.

Matsalar ita ce idon nan ba ya iya bin mai motsi, gidanmu kuwa ba mai zama wuri ɗaya sai Kaka, mahaifiyar mamata, wadda ta zo daga Zurmi jinyar gwiwa. Kullum tana kan tabarma a gindin darbejiya, ba abin da take yi sai tsokanata. Maigida take ce mini, wai maigidan da ko cefanen gishiri bai taɓa yi ba.

Da hantsin Asabar na cika kofi na saka masa a hannu, na kunna shi. Ya gangaro tsakar gida yana ƙugi, ya tsaya a gabanta, ya ce da muryata, "Salamu alaikum, ga ruwa." Kaka ta amsa sallamar har ƙarshenta. Sannan ta dubi hannun, ta dube ni, ta naɗe nata hannuwan a cinya.

"Maigida, wanga ɗan naka wa ya rene shi?"

Na ce ni ne.

"Ai na gani. Da hagun shika ba ni ruwa. Ɗauke min shi nan."

Na yi mata bayani dalla-dalla. Batir yana da nauyi, shi na sa a dama, dole hannu ya koma ɗaya gefen don kada abin ya kife. Kuma mai hannu ɗaya ba shi da dama balle hagu. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ga idonai, ga bakinai, ina kallonai shina kallona. Hannun ga na hagun ne. Tun da nike ban taɓa amsar abin kai wa baki da hagun ba, ba ni farawa ga bokiti."

Na roƙe ta, mamata ta sa baki, ta ƙi. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga shekara guda tana shirin zubewa saboda kofin ruwa. Na ɗora abin a keke napep na kai wa mai waldar da ya liƙa mini hannun, can kusa da tasha. Ya ce in ya yanke ya mayar dama sai an kwance wayoyi duka, kuma aikin ba na kwana biyu ba ne. Da na gaya masa dalili, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tsohuwa ta fi ni gaskiya.

Na dawo na zauna nesa da ita, na ɗaure fuska. Ta bar ni na sha fushina, sannan ta ce, "Kai, kan nan nashi, da mi ka liƙa shi?"

Na ce da noti huɗu.

"To kwance ka juya mishi huska baya mana. In bayanai ya koma gaba, hannun ba shi koma dama ba?"

Na tashi na zagaya abin, na ga haka ne. Shekarun da na yi ina zane da lissafi, ga wadda ba ta taɓa riƙe sukundireba ba ta gama mini aiki daga kan tabarma. Na kwance notin, na juya kan, na sauya wayoyin tayoyi don abin ya riƙa tafiya inda sabuwar fuskarsa ta kalla. Ko rabin awa ban yi ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya sake gangarowa ya yi sallama. Kaka ta gyara mayafi, ta karɓi kofin da hannu biyu, ta sha, ta dubi cikin idonsa ta ce, "Allah shi yi maka albarka. Ka hi ubanka ladabi." Wallahi na ji kishi. Ni da na sha wahala ban samu ko sannu ba, bokitin fenti ya kwashe albarka. Ranar Litinin kuwa, da Malam ya zo wurin nan a bidiyon, sau biyu yana mayar da shi baya yana dariya, sannan ya sa hannu.

Da damina ta zagayo Kaka ta rasu a Zurmi. Sai bayan an share makoki muka gane ba mu da muryarta a ko'ina sai a bidiyon nan. Tun da cikin idon abin ta duba, duk wanda ya kunna shi take kallo, shi take sa wa albarka. Ni nakan kunna duk ranar da zan fita neman wani abu mai muhimmanci, in ce amin, sannan in saka takalmi.