Taliyar Wane Gari?

Shekara talatin da huɗu ke nan da muka binne Mamman Sani, ɗan kawuna, a Lyon, amma har yau in na ji ƙamshin man shanu a wuta sai zama ya gagare ni. Na tashi, na leƙa taga, na dawo. Ni na raba shi da aikinsa, kuma da kalma ɗaya na yi.

Ya zo daga Damagaram farkon shekarun tamanin, ya samu wanke-wanke a wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Guillotière, cikin Lyon. Mai gidan, Madam Rina, tsohuwa ce daga duwatsun arewacin Italiya. Wata rana hannunta ya gaji tana tuƙa garin masara, abin da suke kira folanta. Sani ya karɓi muciyar ya tuƙa mata shi sumul, ko gudaji ɗaya babu. Mutumin da ya tashi a gindin tukunyar tuwo, me za a nuna masa? Daga ranar ta matso da shi gaban murhu. Ta koya masa shinkafarsu mai ruwa-ruwa da naman da ke wuni a wuta, komai da man shanu da cuku. Da takardar aikin gidanta yake sabunta takardun zamansa duk shekara.

Ni kuwa ina Paris ina fataucin atamfa, ga baki, ga ganin na fi kowa sanin gari. Na ji wani Ba'italiye mai gidan abinci a Paris na neman kuku, albashi mai tsoka. Na buga wa Sani waya.

"Yaya, mutumin ɗan wane gari ne?" ya tambaye ni.

"Kai dai da tsirfa. Taliya ai taliya ce."

Mu Hausawa mun ɗauki sunan ƙasa guda mun laƙaba wa abinci ɗaya, mun huta. Ni ne babba, Sani bai iya musa mini ba. Ya yi sallama da tsohuwar, ya hau jirgin ƙasa.

Ashe mutumin daga Napoli yake, can kudancin Italiya, inda sai man zaitun da tumatir da kifi. Hannun Sani kuwa ya riga ya saba. Ya jefa man shanu a miyar tumatir, aka yi masa kashedi. Ya barbaɗa cuku a kan taliyar kifi, maigidan ya juye farantin a shara a gaban ma'aikata. Sati bai cika ba aka sallame shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ni ne ban sani ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Ya koma Lyon ya tarar tsohuwar ta kawo ɗan ƙanwarta daga gida. Ta yi kuka, amma gurbi ɗaya ne. Takardunsa suka mutu. Ya ƙare rayuwarsa yana dakon kaya a ɓoye, yana kwana a ɗakin wani a Vaulx-en-Velin, can gefen Lyon, bai sake tsayawa gaban murhun kowa ba. Bai taɓa ce mini kanzil ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu jikokina a Clichy-sous-Bois, gefen Paris, sai su latsa waya a kawo musu abincin da suke ce wa "italiyen" a kwali. Nakan ce me Sani zai ce da wannan? Ina jin dariya zai yi, don ya sha gaya mini cewa ko a gida, kilishin Madawa daban, na Damagaram daban, balle ƙasar da kowane kwari ke da tukunyarsa.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Tambayarsa ya bar mini. Duk wanda na haɗu da shi, kafin na yanke masa hukunci, sai na tambayi garinsu.

Ana saura kwana biyu ya cika, na kai masa taliya asibiti, da hannuna na dafa ta. Ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo, ya yi murmushi.

"Yaya, wannan ta wane gari ce?"

Allah ya jiƙan Mamman Sani. Har yau ban ba shi amsa ba.