Ƙafar Inna Zahra'u a Kwarin Digla

Daga Faisal zuwa Ma'adi

Ƙarfe biyar da kwata na asubahin Asabar muka fito daga gidanmu da ke unguwar Faisal a Alƙahira, mu uku: ni, da maigidana Malam Nasiru, da maƙwabciyarmu Inna Zahra'u. Inna Bahaushiyar Sudan ce mai shekara sittin da biyu, yaƙi ne ya kawo ta Alƙahira. Ɗanta Usman da ke aiki a Saudiyya ya biya mata kujerar Hajji, amma ya kafe a kan sai dai a riƙa tura ta a keken marasa lafiya. Ita kuma ta ce da ƙafarta za ta yi ɗawafi. Suka yi ta ja-in-ja a waya, har ya ce in ta iya tafiyar kilomita ashirin a yini ɗaya, ya haƙura. Shi ya sa muka shirya raka ta Kwarin Digla ta gwada ƙafarta.

Kowa da jakarsa ta goyo. Malam ya ɗauki ruwa lita tara, ni na ɗauki gurasa da dabino da ta'amiyya, ƙosan Misirawa ke nan. Inna ba ta bari an leƙa tata ba.

Ƙaramar bas ta sauke mu a tashar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, ta Giza. Muka canza jirgi sau ɗaya, ƙarfe shida da rabi muna Ma'adi. Direban tasin da ya kai mu bakin kwarin ya yi ta kallon Inna ta madubi.

"Hajja, ke ma shiga za ki yi? Can fa ba komai sai dutse."

"Yalla, ɗana, ja mota," in ji ta. "Dutsen na zo gani."

Cikin kwari

Bakwai da minti goma masu gadin ƙofa suka rubuta sunayenmu, suka gargaɗe mu mu fito kafin magariba. Kwarin Digla busasshen rafi ne, farin dutse dama da hagu, ƙasa tsakuwa. Minti ashirin da shiga, hayaniyar Alƙahira ta ɓace ɗif.

Malam ne ke duba nisa a wayarsa. A kilomita na huɗu muna ta raha. A na bakwai na daina magana, domin sabon takalmin da na sa ya fara cin dugadugaina. Inna na gaba da tsofaffin silifas ɗinta masu maɗauri, ba sauri, ba tsayawa.

"Rukayya, ya bitti, 'yata," ta waiwayo, "ni aka zo gwadawa ko ke?"

Rumfar Ammu Sayyid

Sha ɗaya da rabi muka kai kilomita na goma, inda za mu juya. Akwai wata rumfa a gindin dutse, wani dattijo mai lura da wurin, Ammu Sayyid, yana zaune da butar shayinsa. Ya shimfiɗa mana tabarma, na zube a kai.

Sai a nan Inna ta buɗe jakarta. Ashe gorar zoɓo ce mai sanyi, da dafaffen ƙwai goma sha biyu, da kofuna na gilashi naɗe a tsumma. Ammu Sayyid ya yi dariya har da tari, ya ce shekara da shekaru yana ganin matafiya, bai taɓa ganin wadda ta goyo kofin gilashi ba. Ya zuba mana shayi da na'ana'a, muka ba shi zoɓo.

Bayan azahar na ga Inna tana murza gwiwarta ta hagu. Ta kumbura.

"Inna, ko a nemo mota?"

Ta girgiza kai. "Da muka fito daga Umdurman kwana uku na yi a ƙasa, ina tafe ina waige, ko ruwa babu. Yau ce ranar farko da na yi doguwar tafiya don ina so. Ki bar ni in ƙarasa ta."

Malam ya fassara wa Ammu Sayyid. Dattijon ya tashi ya ɗauko sandarsa ya miƙa mata, ya ce ta bar masa ita a wurin masu gadi.

Komawa

Ɗaya da rabi muka kamo hanya. Mun fi jin jiki a dawowa, muna hutawa bayan kowane kilomita biyu. Malam ya haɗa jakunkuna biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Biyar da minti arba'in muka iso ƙofa, waya ta nuna ashirin da ɗigo uku. Nan take Inna ta kira Usman ta bidiyo, ta ce Malam ya nuna masa lambar. Ya duba, sannan ya ce wa mahaifiyarsa, "Halas, shi ke nan, Yumma, kin ci."

Bakwai da rabi muna gida. Ina cire takalmi Inna ta ga yadda dugadugaina suka saluɓe. Ta aika Malam ya ɗora ruwan zafi, ta zuba gishiri, ta zaunar da ni. Matar da na raka don in kula da ita, ita ce ta durƙusa tana shafa mini man riɗi a ƙafa, tana yi mini faɗa a kan sabon takalmi.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ammu Sayyid, Allah ya saka da alheri. Inna, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya.