Ranar da Waya Ta Yi wa Doya Kwalliya

Ko na tsufa har na fara manta inda na ajiye hulata, ba na jin ranar da waya ta yi wa doyar Gwaggo kwalliya za ta fita daga raina.

Lokacin ni ne malamin waya na layinmu a Barkin Sale. Ba wanda ya koya mini, bidiyo kawai nake kallo ina karanta bayan kwali, har ta kai in ka tambaye ni ƙarfe nawa sai na ƙare da yi maka bayanin batir. Gwaggo, yayar babana, mai sarin doya a kasuwar Garatu, ita ta laƙaba mini Injiniya, kuma ba don girmamawa ba.

Wata rana ta aiko a kira ni, wai waya take so. Akwai wata Hajiya a Kano da take yi wa lodin doya, amma yanzu Hajiyar ba ta yarda da maganar baki, sai ta ga hoto. Maƙwabciyar rumfar Gwaggo kuwa tana da waya ta manya, kuma ta fara zawarcin Hajiyar. Gwaggo ta ce irin ta za ta saya ko da za ta taɓa jarinta. Na ce sam. Na ce akwai 'yar tsaka-tsaki, ba ta da tsadar tashin hankali, batirinta na wuni, kyamararta ras. Na rantse in ta ba ta kunya ta cire mini sunan Injiniya.

A shago na buɗe baki ina zuba, ga girman ma'ajiya, ga saurin caji, Gwaggo tana hamma. Mai shagon dai ya ɗan yi danne-danne ya ɗauke ta hoto ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, ta gyara ɗankwali, ta ce a sa a leda. Ni kuwa na fito ina ɗaga kafaɗa, a zatona bayanina ne ya yi aiki.

Ranar kasuwa na bi ta Garatu. Motar Kano na tsaye, direba ya ce bayan la'asar zai tashi, kayan wanda Hajiya ta amince da shi zai ɗauka. Na jera doya, na durƙusa kamar mai hoton biki, na ɗauka na tura. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo, Gwaggo ta kunna a gaban kowa.

"Haba baiwar Allah, wa ya ce a wanke doya? Wankakkiyar doya ai kafin ta iso Kano ta fara ruɓewa. In haka ne a bar shi kawai."

Gwaggo ta juyo a hankali. "Injiniya, yaushe ka wanke mini doya?"

Na duba hoton. Doyar da ke gabana da ƙasarta da saiwoyinta, a waya ta fito sumul, fes, kamar an shafa mata hoda. Direba ya leƙo ya ce wannan ai sai a kai mata lefe. 'Yan dako suka kwashe da dariya.

Maƙwabciyar nan ba ta ɓata lokaci ba, ta kira Hajiya ta bidiyo tana zagaya kayanta cikin rana tsaka. Ni kuwa na koma ƙarƙashin mota ina tone wayar, gumi na ɗiga kan gilashi. Can na gano: ashe mai shago ne ya ƙure abin gyaran hoto, wanda ke goge tabo ya ƙara haske, don ya burge Gwaggo. Na kashe shi. Ina ɗagowa na ga maƙwabciyar tana yi wa tata wayar fifita da gyale, wayar ta yi zafi ta rufe kyamara tsakiyar ciniki.

Na danna wa Hajiya kiran bidiyo. Gwaggo ta fizge wayar, ta ɗaga doya ɗaya ta karkaɗe ƙasa a gaban kyamara, ta sa farce ta kankare bayanta farin ya bayyana. Ta bi tsibi tsibi tana nunawa, rana na dukan wayar, ko gezau. Hajiya ta yi dariya ta ce yanzu ta ga doya, a yi lodi.

Muna hanyar gida a mota Gwaggo ta miƙo mini wayar.

"Injiniya, abin nan da ka kashe, nuna mini inda yake."

Na ce ai shi ya kusa raba ta da Hajiya.

"Doya za a kashe wa. Ni a kunna mini."

Har yau wayar na hannunta, gilashin ya tsage a gefe, tana aiki. Ni ma har yau ina karanta bayan kwali, ba zan fasa ba. Amma tun daga ranar na gane darajar waya ba a tsadarta take ba, ba kuma a lambobin kwali ba. Yanzu duk wanda ya zo neman shawara, kafin na buɗe baki sai na tambaye shi: fuska za ka ɗauka, ko doya?